Yabo Ba Ya Hawa Dutse



Da wuya wata ya wuce ba a saki irin bidiyon nan a Facebook ko TikTok ba: matashi a tsugune a ƙofar gida, rimot a hannu, 'yar motar da ya haɗa da langa-langa tana zagaya layi. Rubutun da ke ƙarƙashin bidiyon kuma kullum iri ɗaya ne, kamar hatimi aka buga. A ce ɗan baiwa ne, a ce da a Turai aka haife shi da tuni ya yi kuɗi, a roƙi jama'a su yi ta yaɗawa har labari ya kai kunnen gwamna. Mutane su yi ta zuba masha Allah. Bayan kwana uku kowa ya manta, a jira na gaba.

Matsayinmu a kan irin wannan rubutu a fili yake: cuta ne. Ya cuci yaron da aka yaba, domin ba a gaya masa inda aikinsa ya gaza ba. Ya cuci sauran yaran da suka kalla, domin wanda ya ji sha'awar haɗa tasa ya tashi hannu rabbana. Ba a faɗa masa wane moto aka sa ba, ba a faɗa masa wane batir ba, ba a faɗa masa me ya sa motar take tsayawa da ta ci karo da ɗan tsakuwa ba. An ce yabon gwani ya zama dole, mun yarda. Amma wanda ya riƙe alƙalami an ba shi aikin da ya wuce tafi, kuma tafi kowa ya iya.

Don kada a ce surutu kawai muke yi, bari mu ɗauki mafi wuya a cikin motocin rimot, wato mai hawan duwatsu, mu ga abin da ya kamata marubuci ya sani kafin ya rubuta layi ɗaya a kanta.

Wannan wasa daga Amurka ya samo asali. Can akwai masu gyara manyan motocin jif su riƙa hawa duwatsu da su a wurare irin su Moab da ke jihar Utah da hanyar Rubicon a Kalifoniya. Masu son motocin rimot sai suka kwaikwayi abin da ƙanana, yawancinsu kashi ɗaya bisa goma na girman motar gaske. Abin lura shi ne, waɗanda suka fara ba a kanti suka sayi motocinsu ba, domin babu kamfanin da ke yin su a lokacin. Sukan cire aksul daga wasu motocin wasa, musamman Clod Buster da kamfanin Tamiya na Japan ya fitar a 1987, su yanka ƙarfe su yi mata sabon jiki, su gwada, ta kife, su sake. Kuma suna rubuta wa juna abin da suka gwada da awonsa. Sai daga baya kamfanoni suka biyo sahu: Axial ya fitar da AX10 Scorpion a 2007, Traxxas ya fitar da TRX-4 a 2017. Ke nan aikin hannu ne ya haifi kasuwar, rubutu kuma shi ya yaɗa aikin hannun.

Abu na farko da mai haɗa irin wannan mota yake cin karo da shi shi ne gudu. Yaro ya samu moto, wato ƙaramin injin lantarki mai juyawa, sai ya liƙa masa taya kai tsaye. A ɗaga motar sama, tayoyi na fir-fir gwanin sha'awa. A ajiye ta gaban dutse, ta tsaya cik tana gurnani, moto ya ɗau zafi. Dalili shi ne moto yana da saurin juyawa amma ƙarfin murɗawarsa kaɗan ne, kuma giya ce ke canza saurin ya koma ƙarfi. Mu yi lissafi. A ce moto yana juyawa sau 10,000 a minti, taya kuma faɗinta santimita 12 ne, wato kewayenta kusan santimita 38. Idan aka sa giya mai rage juyi sau 50, taya za ta juya sau 200 a minti, motar ta yi tafiyar mita 76 a minti, kusan kilomita 4.5 a awa. Tafiyar mutum a ƙafa ke nan. Amma ƙarfin da ya isa taya ya ninka kusan sau 50, ban da ɗan abin da gogayyar haƙora ta cinye. Shi ya sa mota mai hawan dutse take rarrafe, kuma rarrafen nan shi ne alamar an yi aiki daidai. Marubucin da bai san haka ba zai ga tana tafiya a hankali ya rubuta cewa ba ta da ƙarfi, ya yaba wa mai gudu wadda ba za ta iya hawa dandamali ba.

A ina yaron Kano ko Zinder zai samu irin wannan giya? Nan ma akwai amsar da ta cancanci a rubuta. Injin waifa na mota, wanda ake samu a wurin masu tsofaffin kayan mota, yana aiki da wuta bolt 12, kuma a cikinsa akwai giya mai kama da sukuru da ke rage juyi zuwa kusan sau 50 a minti. Irin wannan giya tana da wata fa'ida: taya ba ta iya juya ta ta baya cikin sauƙi, don haka in aka saki rimot a tsakiyar hawa, motar ta tsaya inda take ba ta gangaro ba. Illarsa nauyi ne, sai mota mai ɗan girma. Tsohuwar na'urar huda mai batir ita ma tana ɗauke da moto da giyarsa a haɗe. Wanda kuma ya sayi moton da aka yi don wannan wasa zai ga an rubuta lamba a jikinsa, kamar 35T ko 55T. Adadin naɗin waya ne a ciki. Iya yawan naɗi, iya raguwar gudu da sauƙin sarrafawa.

Abu na biyu duk wanda ya taɓa tura mota a taɓon damina ya gan shi da idonsa. Taya ɗaya tana ta juyawa tana watsa laka, ɗayar kuma da ke kan busasshiyar ƙasa ko motsi. Aikin giyar tsakiyar aksul ke nan, wadda ake kira difaransha. An yi ta ne don a wurin kwana tayar waje ta fi ta ciki juyawa, kuma tana raba ƙarfi daidai wa daida tsakanin tayoyin biyu. Matsalar ita ce in ɗaya ta rasa abin kamawa, ɗayar ma ba za ta samu fiye da abin da 'yar uwarta ta samu ba. A kan dutse kuwa kullum akwai tayar da ke lilo a iska. Don haka masu hawan dutse suke kulle wannan giya gaba da baya, wasu da gam mai ƙarfi suke cike ta, wasu kuma ba sa sa ta gaba ɗaya, sai sandar ƙarfe guda ta haɗa tayoyin biyu. Kuɗin da ake biya shi ne kwana ta yi faɗi, motar ba ta juyawa a ƙaramin wuri. Mai haɗawa a gida ya huta a nan, domin abin da ya fi sauƙin yi shi ne ma ya fi dacewa.

Abu na uku nauyi ne da inda aka ajiye shi. Yawancin motocin da muke gani a bidiyo an ƙawata su da dogon jiki, fitilu, har da kaya a kan rufi, batir kuma a ɗora a sama inda ya fi sauƙin cirewa. Da ta karkata kaɗan sai ta kife. Lissafin ba shi da wuya. A ce tsakanin tayar dama da ta hagu santimita 20 ne. In cibiyar nauyin motar tana santimita 10 daga ƙasa, za ta kife da zarar karkatar ta kai digiri 45. In aka saukar da cibiyar zuwa santimita 6, sai ta jure har kusan digiri 59. Santimita huɗu kacal suka kawo wannan bambanci. Saboda haka ake kwantar da batir ƙasa-ƙasa kuma a gaba, ake ƙara nauyi a cikin tayoyin gaba, ake yin jiki da abu mara nauyi. Masu wasan sukan so gaba ya ɗauki kusan kashi 60 cikin 100 na nauyi, don kada ta yi tsalle ta faɗi ta baya lokacin hawa.

Abu na huɗu shi ne lanƙwasa. Mota mai ƙaƙƙarfan jiki da aka ɗaure tayoyinta kam, in taya ɗaya ta hau dutse sai wata ta tashi sama. Ana so aksul ya iya karkata, ɗaya gefen sama ɗaya ƙasa, jiki kuma ya zauna daidai. Yadda aka saba yi shi ne a riƙe kowane aksul da sanduna huɗu masu motsi a gaɓoɓinsu, biyu sama biyu ƙasa, sannan a sa shokozoba mai laushi. Taya ma laushi ake so, roba mai kama dutse da soso a cikinta maimakon iska, don ta lotsa ta rungumi abin da ta taka. Tayar filastik mai sheƙi irin ta motar kanti santsi kawai za ta yi. Wanda ya yanka tsohon tib ko silifa ya yi musu zane-zane ya fi kusa da daidai.

Abu na biyar shi ne rimot ɗin kansa. Motar wasan kanti mai arha, irin mai aiki a kan megahaz 27, umarni biyu ta sani: tafi da tsaya. Sitiyarinta ma ko dama gaba ɗaya ko hagu gaba ɗaya. Hawan dutse kuwa yana son a ba da wuta kaɗan-kaɗan, kamar direba yana sakin kuloci. Rimot mai aiki a kan gigahaz 2.4 da masu wasan ke amfani da shi yana aika awon da yatsa ya matsa, wata na'ura a cikin motar ta karɓa ta riƙa kunna wutar moto tana kashewa da sauri ƙwarai, gwargwadon gudun da ake so. Sitiyari kuma sarbo ke juya shi, wato ƙaramin moto mai giya da ke tsayawa a daidai kusurwar da aka umarce shi. Ana rubuta ƙarfinsa a jiki. Wanda aka ce kilo 10 ne, a nisan santimita 1 daga sandarsa ake nufi, in hannunsa ya kai santimita 2 sai ƙarfin ya koma kilo 5. Shi ya sa sarbo mai haƙoran filastik yake kakkaryewa da taya ta maƙale tsakanin duwatsu. Wanda ba shi da kuɗin rimot na musamman yana iya haɗa nasa da allon Arduino da ɗan guntun rediyo mai suna nRF24L01. Sai dai ya kula, allon L298N da ɗalibai suka saba da shi bai wuce amfiya 2 ba a kowane gefe, babban moto zai gasa shi.

Akwai kuma maganar da shirunmu a kanta zai iya jawo asara, ita ce ta batir. Yara suna fasa tsohon batirin laftof su ciro ƙwayoyin da ke ciki, masu lamba 18650, wato kauri milimita 18 tsawo milimita 65. Kowace ƙwaya bolt 3.7 ce, in ta cika caji ta kai 4.2. In aka zarce haka, ko aka huda ta, ko wayoyinta biyu suka haɗu, tana iya kamawa da wuta mai wuyar kashewa. Yaron da ya jona irin wannan ƙwaya da cajar da ba tata ba, ya ajiye a kan katifa ya tafi makarantar dare, ya sa gidansu cikin hatsari. Akwai ɗan allon kariya da ake haɗawa da su mai yanke wuta in caji ya cika. Layi biyu sun isa a faɗi wannan. Rubutun da ya cika shafi da kirari bai samu wurin layi biyun nan ba, wa ya amfana?

Mun san amsoshin da za a ba mu, bari mu tare su.

Za a ce Hausa ba ta da kalmomin wannan fanni. Wanda ya faɗi haka bai zauna a gareji ba. Ku je Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna ku saurara. Giya, birki, boris, kuloci, farfela, shokozoba, sitiyari, sifana, walda, duk kanikawa suka aro su suka lanƙwasa su suka zama Hausa, ba tare da wani kwamiti ya zauna ba. Da waɗannan kalmomi ogan gareji yake koya wa yaronsa sauke inji da mayarwa. Inda babu kalma, a bayyana abin da yake yi, kamar yadda muka yi a sama. Tun a 1949 Dakta East da Abubakar Imam suka fitar da Ikon Allah suna bayanin halittu da yadda duniya ke gudana da Hausa tsantsa. In an iya a wancan lokaci, da wace hujja za a ce yau ba za a iya bayanin giya ba? Ƙarancin ba a harshen yake ba, a wurin masu rubutu yake, waɗanda ke ƙyuyar zuwa su tambaya.

Za a ce wasan yara ne, ana fama da tsadar abinci wa ke ta motar rimot. To ku duba tarakta, za ku ga tana da abin takawa na kulle difaransha saboda dalilin da muka bayyana. Na'urar da ke daidaita gudun 'yar motar nan, ƙa'idarta ɗaya da wadda ke cikin babur da keke mai ƙafa uku masu aiki da lantarki, waɗanda suka fara shigowa garuruwanmu kuma za su buƙaci masu gyara. Motar Curiosity da aka saukar a duniyar Mars a 2012 ma mai rarrafe ce a kan duwatsu, iyakar gudunta bai wuce kusan santimita 4 a daƙiƙa ba. Yaron da ya gane dalilin da ya sa motarsa ta kife, ya sauke batir ƙasa, ya ga ta daina, ya koyi darasin da wasu ke haddacewa don jarrabawa su manta. Kuma da ma can yaranmu masu ƙira ne. Motar kara da motar gwangwani ba daga waje aka kawo mana su ba. Abin da ya rage shi ne a ɗora musu bayani a kan hannun da suke da shi.

Za a ce ai haɗawa kawai ya yi, kayan duk daga Sin aka kawo. Masu wannan magana da masu kirari ɗan Juma ne da ɗan Jummai, domin dukkansu ba su duba motar ba. Babu kamfanin mota a duniya da yake yin kowane noti da kansa, kuma mun ga yadda waɗanda suka fara wannan wasa a Amurka da aksul ɗin aro suka fara. Aikin marubuci shi ne ya rarrabe: wannan ya saya, wannan ya ciro daga bola, wannan shi ya yanka da hannunsa, wannan dabara kuma tasa ce. In aka rubuta cewa ya ƙirƙiro abin da ba a taɓa yi ba alhali ana sayar da shi a kanti, an ɗora masa ƙarya, an kuma sa shi zaman jiran wani babban mutum da zai zo ya ɗauke shi. Da yawa jiran ne ke kashe su. Gaskiyar abin da ya yi ta ishe shi daraja, kuma ita ce za ta nuna masa matakin gaba.

Za a ce marubuci ba injiniya ba ne. Haka ne, kuma ba likita ba ne, ba alƙali ba ne, amma yana rubuta asibiti da kotu a labarinsa. Wannan ya shafi har masu ƙagaggun labarai. Sau nawa muka karanta littafin da aka ce jarumin injiniya ne ko kanike, amma daga farko har ƙarshe bai taɓa sifana ba, aikinsa kawai hawa mota mai tsada da kiran waya? Mai karatu yana gane marubucin da ya san abin da yake faɗa. Jarumin da ya kwana yana neman dalilin da ya sa sarbonsa yake karkarwa, ya gano batir ne ya yi sanyi, ya fi zama mutum a idon mai karatu fiye da wanda aka ce kawai haziƙi ne.

Saboda haka ga abin da muke nema. Duk wanda zai rubuta labarin matashi mai ƙira, ya je wurinsa da takarda da abin awo. Ya tambaye shi daga ina moto ya fito kuma bolt nawa yake ci. Ya ƙirga haƙoran giya, ƙarama da babba, ya raba ya samu adadin ragin. Ya auna taya. Ya tambayi nawa aka kashe, da abin da ya fi ba shi wuya, da sau nawa ta lalace kafin ta yi, da yadda yake cajin batir. Ya sa a gwada ta a gabansa a kan tudu na gaske, duwatsu ba su yi mana ƙaranci ba, daga Dala da Goron Dutse har Kufena da Kwatarkwashi. In ta kife ya rubuta ta kife, ya rubuta dalili. Sannan ya kai rubutun ga kanike ko malamin kimiyya ya duba masa kafin ya saki. Awon da za a gwada rubutun da shi guda ɗaya ne: yaron da bai taɓa ganin motar ba, in ya karanta, zai iya fara haɗa tasa?

Masu kirari ba za su daina ba, domin kirari ba ya cin lokaci kuma yana tara jama'a. Mu da muke son a kira mu marubuta, ga fili nan ba kowa a cikinsa. A cikinmu akwai ɗalibin kwalejin fasaha, akwai mai gyaran waya, akwai wadda ƙaninta ya cika ɗaki da wayoyi da tsofaffin rediyo. Kowa ya ɗauki abu ɗaya, ko giya, ko batir, ko rimot, ya rubuta shafi biyu da Hausar da ɗan aji uku na sakandare zai gane, ya kawo mu duba tare.

Allah Ya yi mana jagora. Sai mako mai zuwa.